Fetur Ya Yi Tsada, a Daina Raina Kuloci

'Yan'uwana ɗalibai, tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, lissafin kowa ya rikice. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki kaɗan, a watan Oktoban 2024 kuma ta tsallake 1,000 a Abuja da garuruwan Arewa da dama. Daga baya ta ɗan sauko, ta sake hawa, amma babu mai zaman jiran ta koma inda ta fito. Mun yi ƙorafi a aji, mun yi a ɗakunan kwana, mun yi a Facebook, kuma da gaskiyarmu. Sai dai ƙorafi ba ya cika tanki. Farashin lita ba a hannunmu yake ba. Yawan litar da mota za ta sha kuwa, kaso mai tsoka daga cikinsa yana hannu da ƙafar wanda ke riƙe da sitiyari.

Shi ya sa nake so mu yi maganar giya. Kafin wani ya kai ƙarata ofishin kula da harkokin ɗalibai, giyar mota nake nufi. Ra'ayina shi ne duk ɗalibin Poly, namiji ko mace, ya kamata ya iya tuƙa mota mai kuloci kafin ya karɓi takardarsa, ya kuma iya ta irin tuƙin da ba ya zubar da mai a banza. Ina kuma ganin ƙungiyarmu ta ɗalibai tana da abin da za ta yi a kan wannan.

Na san wani zai ce, “Malam, mu da ko keke ba mu da shi, ina ruwanmu da kuloci?” To, ɗan duba kewaye da kai. Nawa ne a cikinmu ke ɗaukar motar gida su kai ƙanne makaranta kafin su shigo lacca? Nawa ne ke karɓar motar kawu lokacin hutu su yi kabu-kabu don haɗa kuɗin rajista? Nawa ne aka miƙa wa makullin akori-kura a wajen SIWES suka tsaya suna sosa ƙeya? Wanda ma bai taɓa riƙe sitiyari ba yana biyan kuɗin mai kullum, domin duk abin da direban haya ya ƙona, a aljihun fasinja yake fanshe shi.

Ina man yake tafiya?

Mu fara da abin da 'yan sashen injiniyan kanikanci suka riga suka sani. Daga kowace lita da ka zuba, abin da ke zama ƙarfin tura mota bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, a cikin gari ma bai kai hakan ba. Saura yana fita ne a matsayin zafi ta lagireto da salansa. Ke nan tun kafin taya ta juya an riga an cinye maka fiye da rabin kuɗinka. Ɗan abin da ya rage shi ne muke magana a kan yadda za a tattala shi.

Aikin giya shi ne daidaita juyin injin da juyin taya. A ƙaramar mota irin su Golf ko Corolla, idan kana lamba ɗaya, injin yakan juya wajen sau 13 ko 14 kafin taya ta juya sau ɗaya. A lamba biyar kuwa wajen sau 3 ne kawai. Kowane juyi na injin yana da kuɗinsa: fistin yana gogar bangon silinda, famfon baƙin mai da na ruwa suna aiki, bel yana jan janareta. Wannan kuɗi za ka biya shi ko motar ta yi nisa ko ba ta yi ba. Wanda ya yi kilomita ɗaya a lamba biyu ya sa injin ya juya fiye da ninki biyu na wanda ya yi ta a lamba biyar.

Akwai kuma maganar numfashi. Totur da kake takawa, a injin fetur, ƙofar iska yake buɗewa. Idan kana ƙaramar giya, injin yana ihu amma ƙofar a ɗan buɗe take, sai ya zama kamar mai zuƙar kunu ta siririn tsinke, yana ɓata ƙarfi wajen jan iskar kanta. Idan ka hau babbar giya, juyin injin ya ragu, ƙofar ta ƙara buɗewa, sai ya yi aiki iri ɗaya da ƙarancin wahala. Duk wanda ya taɓa hawa keke mai giya ya san wannan a cinyarsa. Ka sa ƙaramar giya a shimfiɗaɗɗen titi, ka yi ta wutsil-wutsil da ƙafa, gumi na zuba, keken bai je ko'ina ba.

To ina bambancin mai kuloci da otomatik? A mota mai kuloci, da zarar ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya, farantin kuloci ya manne, injin da giyabos sun zama abu guda, babu zamewa. Tsohuwar otomatik kuwa tana amfani da wani kwano ne cike da mai, mai ɗauke da fanka biyu da ke fuskantar juna. Injin ya juya ta farko, ita ta kaɗa man, man ya juya ta biyu. Ka kunna fanka ka ajiye wata a gabanta a kashe, za ka ga ita ma tana juyawa, amma ba za ta taɓa kamo ta farkon ba. Wannan gibin zafi yake zama, zafin nan kuma fetur ɗinka ne. Daga baya an ƙara wa kwanon wani ɗan kuloci da ke manne shi idan mota ta miƙe hanya, amma a tashi-tsaya na cikin gari zamewar tana nan. Sannan yawancin tsofaffin otomatik giya huɗu gare su, mai kuloci kuma biyar, ga giyabos ɗin otomatik ya fi nauyi.

Hannu da ƙafa

Amma fa a ji ni da kyau. Mallakar mota mai kuloci kaɗai ba ta rage wa kowa ko cokali ɗaya na mai. Ita dama ce kawai take ba ka. Direban da bai iya ba zai iya ƙona mai a manuwal fiye da mai otomatik, ya haɗa da ƙona kuloci a kai. Ga abubuwan da ke raba wanda ya iya da wanda yake dai jan mota.

Na farko, ka riƙa hawa giya da wuri. Lamba ɗaya ta tayar da mota ce kawai, da ta mirgina tsawonta ɗaya ko biyu sai ka ba ta lamba biyu. Idan motarka tana da agogon juyin injin, ka canza giya tsakanin 2,000 da 2,500 a motar fetur, a ta dizal kuma wajen 2,000. Idan babu agogon, kunnenka ya isa. A yawancin ƙananan motoci, wajen gudun kilomita 30 lamba uku ta dace, wajen 40 lamba huɗu, daga 50 zuwa 60 kuma a shimfiɗaɗɗen titi lamba biyar za ta ɗauka. Ɗabi'ar nan ta jan lamba biyu har injin ya yi kuka, don 'yan mata da ke bakin get su waigo, tsadarta ta wuce burgewarta.

Na biyu, kada kuma ka wuce gona da iri. Idan ka sa babbar giya motar ta fara kakkarwa, injin yana ƙwanƙwasa kamar ana buga gwangwani, kana taka totur ba ta amsawa, to ka takura mata. Ka sauko giya ɗaya. Mota cike da fasinja da buhuna, ko wadda ke hawa tudu, tana buƙatar juyi fiye da wadda take wayam. Wanda ya nace wa lamba biyar a kan tudu don tattalin mai, bakanike zai kai wa kuɗin da ya tara har da ciko.

Na uku, ka yi tuƙi da ido kafin ƙafa. Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. Mota mai nauyin kilo 1,200 da ke gudun kilomita 60 a awa tana ɗauke da ƙarfin motsi na kimanin kilojul 167, wato rabin nauyi sau gudu sau gudu, kamar yadda aka koya mana a fizis. Litar fetur tana da kimanin megajul 32. Idan injin ya amfana da kashi ɗaya cikin huɗu, to sai ka ƙona wajen mililita 20 kafin ka kai motar wannan gudun daga tsaye. Duk lokacin da ka danna birki ta tsaya cak, wannan mililita 20 ta zama zafi a taya, ta bi iska. Ka yi haka sau 50, ka zubar da lita guda. Yanzu ka ƙirga danja, shataletale, tudun rage gudu, shingen bincike da adaidaita sahun da ke tsayawa ba sigina tsakanin gidanku da makaranta. Direban kirki yana hango jar danja tun daga nesa, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya bar motar ta gangara a giya, sau da yawa kafin ya isa an ba da hannu, ya wuce a lamba biyu ko uku bai tsaya ba. Mai gaggawa ya zo da gudu, ya ci birki, ya tsaya, ya sake tashi daga lamba ɗaya, kuma a danja ta gaba za su sake haɗuwa.

Na huɗu, ƙafar hagu ba ta da wurin zama a kan kuloci. Ka taka, ka canza giya, ka sauke ƙafarka ƙasa. Ɗora ƙafa a kai ko da sama-sama ne yana iya sa farantin ya riƙa zamewa, mai yana ƙonewa, farantin yana cinyewa. Haka riƙe mota a kan tudu da rabin kuloci da totur. Birkin hannu aka yi domin wannan. In kuma tsayuwar za ta ɗan jima, ka mayar da giya firi ka saki kuloci.

Na biyar, gudu a babbar hanya. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne da ninkin gudu sau kansa. Daga kilomita 100 zuwa 120 gudunka ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, amma iskar da kake turewa ta ƙaru da kashi 44. Daga Kaduna zuwa Zariya wajen kilomita 80 ne. A gudun 100 minti 48 ne, a 120 minti 40. Minti takwas kacal ka saya da wannan ƙarin mai da ƙarin haɗari. Dama dokar hanya ta ƙasar nan, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke aiwatarwa, ta ƙayyade wa ƙananan motocin gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Ashe a nan doka da aljihu bakinsu ɗaya.

Batun firi a gangare

Yanzu sai babbar gardamar tasha. Kusan duk wanda ya koyi mota a hannun tsohon direba an ce masa idan ya zo gangare ya sa firi, wai motar ta tafi kyauta. Wasu ma har kashe injin suke yi. Wannan shawara tana da asali. Zamanin kafireto, irin na Fijo 504 da aka yi ta haɗawa a masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, mai yana bin iska ne ya shiga injin muddin yana juyawa, ko ka taka totur ko ba ka taka ba. Iyayenmu ba ƙarya suka yi ba, motarsu suka sani.

Motocin da ke hannunmu yau kusan dukkansu masu injekta ne, kwamfuta ke auna musu mai. A irin waɗannan, idan injin ya yi zafi, motar tana cikin giya, ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya daga totur, kuma juyin injin yana sama da na salo sosai, kwamfutar tana yanke mai ne ƙaf. Tayoyi ne ke juya injin a lokacin, ba ya buƙatar ko ɗigo. Da ka sa firi kuwa ka raba taya da injin, dole a ci gaba da ba shi mai don kada ya mutu. Wato a gangaren da dama sai ka taka birki, mai firi yana ƙona mai, wanda ya bar ta a giya yana tafiya a kyauta. Wanda motarsa ke nuna shan mai na nan-take a dashbod ya gwada ya gani da idonsa, lambar za ta faɗo sifiri.

Ko da ma a ce firi tana rage wani abu, mu tambayi kanmu me muke sayarwa a madadinsa. Mota a giya, injin yana taya birki riƙe ta. A firi, duk nauyin ya koma kan birki shi kaɗai. A dogon gangare irin Hawan Kibo da ke hanyar Jos zuwa Akwanga, birkin da aka yi ta dannawa yana ɗaukar zafi har ya daina kamawa yadda ya kamata. Kashe injin ya fi wannan muni. Abin da ke sa birki ya yi laushi a ƙafa daga injin yake samun zuƙar iska, da an kashe, taku biyu ko uku sai feda ta ƙage kamar dutse. Sitiyari mai fawa ya yi nauyi, in kuma aka murɗa makulli har ƙarshe, a wasu motocin sitiyarin na iya kullewa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Idan kana cikin motar haya ka ji direba ya kashe injin a gangare, kana da haƙƙin ka yi magana, cikin ladabi amma da babbar murya. Ranka ne a ciki, kuma kuɗinka ka biya.

Abin da ake yi wa mota a gareji

Wani man kuma ba a kan titi yake tafiya ba, a gareji ake zubar da shi. Al'adar nan ta cire tamostat da zarar mota ta shigo ƙasar, a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa tun daga kunna makulli, wai don ƙasarmu da zafi, tana cikin manyan masu shan mai a ɓoye. An ƙera injin ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90. Idan bai kai ba, kwamfuta tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta ci gaba da ƙara masa mai. Motar da ke tafasa, a wanke lagireto, a duba famfon ruwa, a gyara fanka, in tamostat ɗin ne ya lalace a sa sabo. Cire shi rufe ciwo ne da tsumma.

Haka taya. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana jan mota baya. Adadin iskar da ta dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a murfin tanki, ka karanta ka gaya wa mai faci, kada ka bar shi ya auna da bugun ƙafa. Fulogin da ya gaji, na'urar auna iskar salansa da ta mutu, birkin da ke kamawa shi kaɗai, tarkacen da ya shekara a but, ƙarfen ɗora kaya a saman mota da ba a amfani da shi, kowanne yana ɗan gutsurar rabonsa. Da yayyafi kogi kan cika.

Sai ɗumama mota da safe. Motar injekta ba ta buƙatar ka bar ta minti goma sha biyar tana salo kana shan shayi. Ƙasa da minti ɗaya ya isa baƙin mai ya zagaya, sai ka tashi a hankali, a kan hanya ta fi saurin ɗumama. Ƙaramar mota da ke tsaye injin yana aiki tana iya shan abin da ya kusa lita guda a awa, in an kunna esi ya fi haka. Mai jiran budurwa a ƙofar ɗakin kwanan mata da injin a kunne, ya sani mita tana gudu. Taka totur da ƙarfi kafin a kashe mota shi ma gadon zamanin kafireto ne, yau ba ya ƙara komai sai hayaƙi.

Masu otomatik ma suna da hujja

Adalci ya sa a faɗi nasu. Tun da kamfanin General Motors na Amurka ya fito da giyar Hydra-Matic a motocin Oldsmobile na 1940, otomatik take ta samun gyara. Na zamanin nan masu giya shida, takwas har goma, da masu bel da ake kira CVT, da masu tagwayen kuloci, da yawansu sun kamo manuwal wajen tattalin mai, wasu ma sun wuce ta. Motoci masu haɗa fetur da batir irin Toyota Prius sun fi duka, masu lantarki zalla kuwa ba su san kuloci ba sam. Duniya can ta dosa, babu musu. Sannan wanda ke shan cunkoson Kano ko na hanyar Mararraba zuwa Abuja kullum ya san yadda ƙafar hagu ke yin tsami. Akwai kuma 'yan'uwanmu masu lalurar ƙafa ko hannu waɗanda otomatik ce ta ba su damar tuƙi. Babu mai cewa su bari.

Tambayata ita ce, wace mota ce za ta fara shigowa hannun ɗalibin da ya gama ND ko HND a bana? Sabuwa dal mai giya takwas? Haba dai. Tsohuwar Golf ce, ko 406, ko Civic, ko Corolla da ta ga jiya ta ga yau, ko Sharon ta haya, ko Hilux ta kamfani. A wannan aji na motoci, mai kuloci a hannun wanda ya iya ta fi 'yar'uwarta otomatik tattali. Ta kuma fi sauƙin rainon talaka. Batir ya mutu a ƙauye, a tura, ka sa lamba biyu ka saki kuloci ta tashi. Farantin kuloci ya cinye, kowane gareji za a canza maka. Giyabos ɗin otomatik ya lalace kuwa, sau da yawa sai dai a nemo wani na Kwatano, kuma wanda ya taɓa saye ya san yadda ake fita daga kasuwar.

Ga kuma maganar aiki. Wanda ya iya manuwal zai tuƙa otomatik cikin minti biyar, wanda ya koyi otomatik kaɗai kuwa sai ya koma ɗalibi. A Ingila, in da otomatik ka ci jarrabawar tuƙi, lasin ɗinka bai ba ka izinin taɓa mai kuloci ba. Mu da muke karatun aikin hannu, mai safiyo, mai aikin gona, mai gine-gine, mai lantarki, filin aiki ne ke jiranmu, kuma akori-kura da tarakta da tifa na filin aiki akasarinsu masu kuloci ne. 'Yan'uwa mata, wannan magana har da ku. Cewa manuwal motar maza ce zance ne kawai. Kuloci ba ya tambayar ƙafar wa ke kansa.

Mu ƙirga a naira

Mu ɗauki ɗalibin da ke yin kilomita 30 a rana, zuwa da dawowa, kwana 22 a wata. Kilomita 660 ke nan. Idan motarsa tana shan lita 10 a kowace kilomita 100, zai sayi lita 66. Idan ya gyara hannunsa da motarsa ta dawo lita 8.5, zai sayi wajen lita 56. Ya tsira da lita 10. Mu sa lita a naira 900 don sauƙin lissafi, naira 9,000 ke nan a wata, kusan rabin naira 20,000 da asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ke bayarwa na ɗawainiya duk wata. Mai kabu-kabu da ke yin ninki biyar na wannan tafiya sai ya ninka da kansa.

Kada kowa ya yarda da ni haka kawai, mu 'yan gwaji ne. Ka cika tanki har famfo ya yanke da kansa, ka rubuta lambar kilomita. Ka yi tuƙinka na yau da kullum, in ya yi ƙasa ka koma famfon nan ka sake cikawa. Ka raba litar da ta shiga da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100. Sannan ka bi abubuwan da na lissafa a zagaye na biyu, ka kwatanta. Wanda ba ya da halin cika tanki, ya riƙa rubuta duk litar da ya saya da lambar kilomita na tsawon wata guda, lissafin zai fito kusa. Allurar geji kaɗai ba abin dogaro ba ce.

Kirana ga shugabannin ƙungiya

Muna kashe kuɗi a makon ɗalibai kan kiɗa da riguna da kalanda. Ban ce a daina ba. Amma me zai hana a ware wani abu a yi yarjejeniya da makarantar koyon tuƙi mai rajista da FRSC, ta riƙa koya wa ɗalibai mota mai kuloci a farashi mai rangwame ranakun Asabar, a kammala da lasin na gaskiya ta hanyar da doka ta tanada? Me zai hana a roƙi malaman sashen kanikanci da 'yan HND su buɗe giyabos ɗaya da kuloci ɗaya a wokshof, kowa ya zo ya ga abin da ƙafarsa ke takawa? A kuma gayyaci direbobin bas da masu adaidaita sahu da ke jigilarmu, a zauna da su cikin mutunci a kan batun firi da tamostat da iskar taya. Su ma suna da abin da za su koya mana, domin sun fi mu sanin hanya. Idan man da suke ƙonawa ya ragu, ƙungiya ta sami bakin magana ranar da za a zauna kan kuɗin mota.

Har gasa ana iya shiryawa, wadda ba ta tsere ba: mota ɗaya, hanya ɗaya, lita ɗaya, a ga wanda zai fi nisa cikin bin doka. Ina tabbatar muku za a cika fili, kuma za a sha mamakin waɗanda za su zo na ɗaya.

Mu ne za mu fita da sunan masu ilimin fasaha. Abin kunya ne a ce mun haddace dokokin zafi da motsi don jarrabawa, amma mun kasa amfani da su a kan injin da ke cinye mana kuɗin abinci. Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, ga shawara nan a gabanku kafin a zauna kasafin zango mai zuwa. Sauran jama'a kuma, wanda ke da kawu ko yaya mai tsohuwar Golf, hutun nan ya je ya gaishe shi, ya roƙi a ba shi makulli a fili, ya fara da lamba ɗaya.